Idan Ɗan Mormon Ya Gayyace Ka Sujada

 

Tambayar da za mu duba yau ta fito daga wurin wata uwa a cikin masu sauraronmu. Ɗanta yana aiki a Abuja. Wani abokin aikinsa ya gayyace shi sujada a majami'arsu ta 'yan Mormon, ya kuwa je. Da ya dawo ya ce wa uwarsa bai taɓa ganin mutane masu karɓar baƙo kamar waɗannan ba. Sun tambayi sunansa, sun ba shi wurin zama, har gurasar jibinsu an miƙa masa. Bayan kwana uku waɗansu samari biyu suka zo gaishe shi a gida. Uwar tana tambaya: su wane ne mutanen nan? Yaya suke ɗaukar Kirista na wata ikkilisiya idan ya shiga wurinsu? Akwai abin tsoro, ko babu?

Mun gode wa mahaifiyarmu saboda wannan tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Za mu amsa da abin da yake tabbatacce, ba da jita-jita ba. Domin bayanin ya yi sauƙi, bari mu kwatanta al'amarin da gidan Bahaushe. Akwai zaure, inda kowane baƙo yake iya shiga ya zauna. Akwai tsakar gida, inda sai ɗan gida. Akwai kuma turaka, wadda ko ɗan gida ba ya shiga sai da izini. Haka karɓar baƙi take a wurin 'yan Mormon.

Su wane ne?

Cikakken sunansu shi ne Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkaka na Kwanakin Ƙarshe. Wani mutum mai suna Joseph Smith ne ya kafa ta ran 6 ga Afrilu, 1830, a jihar Niyok ta ƙasar Amurka. A wannan shekara ce kuma ya buga littafin da ake kira Littafin Mormon, daga nan mutane suka laƙaba musu sunan. An kashe Smith a kurkuku a jihar Ilinoi a 1844. Magajinsa, Brigham Young, ya jagoranci jama'ar zuwa yamma, suka isa kwarin Salt Lake a 1847. Hedkwatarsu tana can har yau, a jihar Yuta. A 2018 shugabansu na lokacin, Russell M. Nelson, ya roƙi jama'a su daina ce musu Mormon, su riƙa kiran cikakken sunan. Mu muna amfani da gajeren sunan a nan domin shi ne aka sani, ba domin raini ba.

A 2023 yawansu a duniya ya haura miliyan 17, a Nijeriya kuma sun wuce 200,000. Yawancinsu suna kudu, a wurare kamar Aba, Fatakwal, Kalaba, Benin da Legas, amma suna da majami'u a Abuja. Akwai wani abu a tarihinsu da ya kamata mu sani. Har zuwa watan Yuni na 1978 ba su yarda baƙar fata ya riƙe matsayin firist ko ya shiga hidimomin haikalinsu ba. A wannan wata ne shugabansu Spencer W. Kimball ya ɗage hanin. Cikin Nuwamba na shekarar masu wa'azinsu suka iso Nijeriya, suka yi wa wani malamin makaranta mai suna Anthony Obinna baftisma, bayan ya yi shekaru yana rubuta musu wasiƙu yana roƙo su zo.

Zaure: sujadar Lahadi

A jikin ginin majami'unsu, a ƙarƙashin sunan ikkilisiyar, galibi akwai rubutu mai cewa ana maraba da baƙi. Wannan ba maganar fatar baki ba ce. Kowa yana iya shiga, ba a tambayarsa takarda, ba a tambayarsa ɗariƙarsa a bakin ƙofa. Mazansu sukan sa farar riga, matansu kuma tufafi na kamun kai, amma ba a korar baƙo saboda suturarsa. Suna kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa, baƙo ma haka za su kira shi.

Tun daga 1980 taronsu na Lahadi awa uku ne, amma a Janairu 2019 suka rage shi zuwa awa biyu. Awa ta fari ta sujada ce ga kowa da kowa, manya da yara a wuri ɗaya. Awa ta biyu ta azuzuwa ce, ana rarraba yara, matasa da manya. Baƙo yana iya zama duka biyun, yana kuma iya tafiya bayan ta fari.

Kirista da ya saba da sujadarmu zai ga waɗansu abubuwa dabam. Ba zai ga gicciye a bango ko a kan ginin ba. Sukan ce sun fi son tunawa da Almasihu rayayye. Ba zai ji tafi ko guɗa ba, waƙoƙin a natse suke, yawanci da fiyano, waɗansunsu ma zai gane muryarsu domin daga littattafan waƙoƙin Furotesta aka ɗauko su. Ba zai ga fasto mai albashi ba. Shugaban majami'ar, wanda suke kira bishop, mutum ne mai sana'arsa, malami ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, yana riƙe aikin na 'yan shekaru ba tare da an biya shi ba. Masu wa'azi kuma daga cikin jama'a ake zaɓo su, mutum biyu ko uku kowane mako, maza da mata, har da yara matasa. Ba kuma za a zaga da kwanon baiko ba. Membobi suna ba da kashi ɗaya cikin goma na abin da suke samu, amma a ɓoye, cikin ambulan ko ta banki. Saboda haka baƙo ba ya jin kunyar rashin abin sakawa.

Galibi Lahadin farko na wata ranar azuminsu ce. Sukan bar cin abinci sau biyu, su ba da kuɗin abincin domin matalauta. A ranar babu wa'azi, sai duk wanda ya ga dama ya tashi ya ba da shaida. A nan ne baƙo zai fi jin zuciyar bangaskiyarsu. Zai ji suna shaida cewa Yesu Mai Ceto ne, a cikin numfashi ɗaya kuma suna shaida cewa Joseph Smith annabi ne, Littafin Mormon gaskiya ne, ikkilisiyarsu kuma ita ce ta gaskiya. Ba a tilasta wa baƙo ya tashi ya ce kome.

Gurasa da ruwa

Tsakiyar sujadarsu shi ne abin da ya yi kama da Jibin Ubangiji, suna kuwa yinsa kowane Lahadi. Matasa ne suke yin hidimar. Waɗanda suka kai kamar shekara 16 suna kakkarya gurasar, su durƙusa su karanta addu'a a kanta, ƙananansu 'yan kamar shekara 12 kuma su zaga da faranti layi layi. Ba sa amfani da ruwan inabi, ruwa zalla suke sha a ƙananan kofuna.

Farantin zai iso gaban baƙo kamar yadda ya iso gaban kowa. Ka'idarsu ita ce, jibin domin membobi ne, amma kada a hana wanda ba memba ba idan ya miƙa hannu. Don haka ba wanda zai riƙe hannunka, ba kuma wanda zai harare ka idan ka miƙa farantin gaba ba ka ɗauka ba. Sai dai ka san ma'anarsa a wurinsu. Mai ci yana sabunta alkawarin da ya ɗauka ne a ranar baftismarsa ta cikin ikkilisiyarsu. Kai kuwa ba ka ɗauki wannan alkawari ba. Za mu komo kan wannan.

Daga ina wannan maraba ta fito?

Kada mu yi saurin cewa duk dabara ce. Mutanen nan sun ɗanɗana kora. An kore su daga jihar Misuri a 1838, aka kuma kore su daga Ilinoi a 1846. Wanda ya taɓa kwana a waje ya san darajar masauki. A 1841, a garin Nauvoo da suka gina, majalisar garin ta kafa doka mai ba Katolika, Baptis, Metodis da sauran ɗariƙu 'yancin sujada, ta kuma ambaci Musulmi a cikin dokar. A 1842 Smith ya rubuta ginshiƙan bangaskiyarsu guda 13, na 11 a ciki yana magana a kan barin kowa ya yi sujada bisa ga lamirinsa.

Akwai wani labari mai daɗi daga 1879. Wani Fada na Katolika mai suna Lawrence Scanlan yana hidima a tsakanin masu haƙar azurfa a kudancin Yuta. 'Yan Mormon na garin St. George suka ba shi aron babban ɗakin taronsu ya yi sujadar Mas, mawaƙansu kuma suka koyi waƙoƙin da harshen Latin suka rera masa. A zamaninmu ma, cikin Maris 2019, Nelson ya kai wa Paparoma Francis ziyara a Roma.

Dalili na biyu shi ne, su mutane ne masu himmar wa'azi, ba su kuwa ɓoye wannan ba. Samarinsu sukan ba da shekara biyu, 'yan matansu shekara ɗaya da rabi, suna yawon wa'azi biyu biyu, yawanci da kuɗin kansu ko na iyayensu. Za ka gane su da baƙin baji mai ɗauke da sunansu a ƙirji. Ko saurayin ɗan shekara 19 ne, laƙabinsa dattijo. Su ne sukan fara tarar baƙo. Za su nemi izinin zuwa gidanka, su ba ka Littafin Mormon kyauta, su ce ka karanta ka yi addu'a a kansa. Sau da yawa ba a daɗe ba za su tambaye ka ko ka shirya a yi maka baftisma. Samari biyun da suka je wurin ɗan mahaifiyarmu ke nan.

Tsakar gida: baftisma

A nan ne maganar ta yi nauyi. Wataƙila za ka ce musu, "Ai an riga an yi mini baftisma." Za su amsa maka da ladabi cewa ba su karɓe ta ba. Ko ta nutsarwa ce ko ta yayyafi, ko a Baptis aka yi ta ko a Angilikan ko a Katolika, duk wanda zai zama ɗan gida sai an sake yi masa, ta hannun mai riƙe da matsayin firist nasu.

Dalilin yana cikin tushen koyarwarsu. Suna koyar da cewa bayan mutuwar manzanni ikkilisiya ta yi ridda, ikon yin baftisma da sauran hidimomi ya ɓace daga duniya. Smith ya ce a 1820, yana ɗan shekara 14, ya yi addu'a a cikin kurmi yana tambaya wace ikkilisiya zai shiga, sai Uba da Ɗa suka bayyana gare shi, aka ce kada ya shiga ko ɗaya. Ya kuma ce a 1829 Yohanna Mai Baftisma, daga baya kuma Bitrus da Yakubu da Yohanna, sun zo sun ɗora masa hannu sun mayar da ikon. Saboda haka a ganinsu kai mutumin kirki ne, mai ƙaunar Yesu, kana da wani sashe na gaskiya, amma fastonka ba shi da ikon yi maka baftisma.

Bambancin bai tsaya nan ba. Mu muna shaida Allah ɗaya ne cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda ikkilisiya ta bayyana tun taron Nikiya a shekara ta 325. Su kuwa suna koyar da cewa ukun nan dabam dabam suke, nufinsu ne ɗaya, Uba kuma yana da jiki na nama da ƙashi. Mu Littafi Mai Tsarki ne ma'auninmu. Su suna karɓarsa, amma sun ƙara littattafai uku a kansa, suna kuma ɗaukar shugabansu a matsayin annabi rayayye. Kalmominmu da nasu iri ɗaya ne, wato Allah, ceto, firist, bishara, amma abin da ke cikin kalmomin ya bambanta. Kama da wane ba ta wane.

Domin adalci, mu faɗa cewa ƙofar nan a rufe take ta kowane gefe. A shekara ta 2000 babban taron Haɗaɗɗiyar Ikkilisiyar Metodis ya yanke cewa ɗan Mormon da zai shigo wurinsu sai an yi masa baftisma. A 2001 Fadar Paparoma ta bayyana cewa ba ta karɓi baftismar Mormon ba. Ashe kowane gefe ya san bambancin ba ƙarami ba ne.

Turaka: haikali

Majami'a dabam, haikali dabam. Ba a yin sujadar Lahadi a haikalinsu. Wuri ne na hidimomi na musamman, kamar ɗaurin aure da suke cewa yana ɗorewa har bayan mutuwa, da baftisma a madadin matattu. An keɓe na Akara a Ghana cikin Janairu 2004, na Aba kuma cikin Agusta 2005. Sun sanar da shirin gina waɗansu, har da na Legas a 2018 da na Abuja a 2024.

Kafin a keɓe sabon haikali sukan buɗe shi na 'yan kwanaki ko makonni, kowa ya shiga ya gani. Da zarar an keɓe shi, baƙo ba ya shiga kuma. Ko memba sai yana da takardar izini, wadda ake bayarwa bayan shugabanni sun yi masa tambayoyi a kan bangaskiyarsa, tsarkin aurensa, biyan kashi ɗaya cikin goma, da kiyaye dokarsu ta barin giya, taba, shayi da kofi.

Iyaye, ku ji wannan da kyau. Idan ɗanku ko 'yarku ta shiga wannan ikkilisiya, aka ɗaura aurenta a haikali, ku da kuka haife ta a waje za ku tsaya. Wannan ya sa iyaye da yawa hawaye. A Mayu 2019 sun sassauta. Yanzu ma'aurata suna iya yin ɗaurin aure a fili inda dangi duka za su halarta, sa'an nan su shiga haikali ba tare da jiran shekara guda ba kamar yadda ake yi a waɗansu ƙasashe a da. Jana'iza, baftisma da sa wa jariri albarka kuwa a majami'a ake yi, kowa yana iya zuwa.

Shawararmu

Na fari, kada mu yi musu shaidar zur. Doka ta tara ba ta ware maƙwabcin da muka saɓa da shi ba. Har yanzu akwai masu cewa suna auren mata da yawa. Gaskiya ne sun yi haka a ƙarni na 19, amma shugabansu Wilford Woodruff ya sanar da dainawa a 1890, yau kuma duk wanda ya yi ana fitar da shi. A 2004 Richard Mouw, shugaban makarantar tauhidi ta Fuller a lokacin, ya tsaya a babban ɗakin taronsu na Salt Lake ya nemi gafara saboda yadda masu bishara suka sha faɗin abin da ba haka yake ba game da su. Gaskiya ba ta bukatar taimakon ƙarya.

Na biyu, idan zumunci ya kai ka, kamar jana'izar maƙwabci ko bikin abokin aiki, ka je da ladabi. Ka zauna a natse, ka saurara, kada ka mai da gidan mutane filin gardama.

Na uku, game da gurasa da ruwa, shawararmu ita ce ka miƙa farantin gaba. Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa kowa ya gwada kansa kafin ya ci. Cin jibi shaida ce cewa bangaskiyarmu ɗaya da waɗanda muke ci tare. Idan su da kansu ba su karɓi baftismarka ba, me kake shaidawa da cin? Ƙin ɗauka ba zagi ba ne, su ma ba za su ɗauke shi haka ba.

Na huɗu, idan samarin nan suka zo gidanka, ka ba su ruwa da wurin zama, 'ya'yan mutane ne masu nisa da gida. Kada ka dafa musu shayi, ba sa sha. Idan ba ka son su ci gaba da zuwa, ka faɗa musu a fili da murmushi. Idan kuwa za ka saurare su, ka yi kamar mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni sura 17, waɗanda suka auna abin da suka ji da Nassi. Ka tambaye su abin da suke nufi da kowace kalma. Kada ka yanke shawara bisa ga daɗin da ka ji a zuciya kaɗai. Ka je wurin fastonka ko wani dattijo ku duba tare. Sabon mai bi wanda bai kafu ba, gara kada ya zauna da su shi kaɗai.

Na ƙarshe ya shafe mu duka. Me ya ja hankalin yaron nan? Ba koyarwa ba ce, gama bai riga ya san ta ba. An tambayi sunansa ne, an kuma biyo shi gida. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baƙi nawa suka shigo majami'armu, muka sa su suka miƙe, muka tafa musu, muka rera musu waƙar maraba, da aka tashi kuma kowa ya kama hanyarsa? 'Ya'yanmu nawa suke birane shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsu daga ikkilisiya? Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 13, ta umarce mu da karɓar baƙi tun da daɗewa. Idan muna da tabbacin bishara tana hannunmu, bai kamata wani ya fi mu sakin fuska ba.

Ga mahaifiyarmu mai tambaya muna cewa, kada ki firgita, kada kuma ki yi wa ɗanki faɗa. Ki yi masa bayanin zaure da tsakar gida da turaka. Ki nemi fasto ko wani mai bi a Abuja wanda zai ziyarce shi a wannan mako. Ki kuma ci gaba da yi masa addu'a.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ka karɓe mu sa'ad da muke baƙi a gare ka. Ka kiyaye 'ya'yanmu a duk inda neman abinci ya kai su. Ka ba mu hikima mu riƙe gaskiyarka, ka ba mu ƙauna mu faɗe ta da tawali'u. Ka buɗe ƙofofinmu da zukatanmu ga baƙo. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.